'Yan A-Rage ko 'Yan A-Gyara: Wa Za Ka Ba Ƙuri'arka Kan Batun 'Yan Sanda da Kurkuku a Amurka?

Duk wanda ya taɓa tsayawa a ƙofar masallaci a Bronx, cikin birnin New York, bayan an sauko Juma'a, lokacin da zaɓe ya ƙarato, ya san gardamar da nake nufi. Direban tasi da aka taɓa ɗora wa bindiga a ƙeya aka karɓe cinikinsa na dare, cewa yake a ƙaro 'yan sanda. Uban da aka sha tare ɗansa a hanyar makaranta ana caje shi ba a samun ko allura, cewa yake a rage su. Wani lokaci ma mutum ɗaya ne: direban tasin shi ne uban yaron, da safe yana wannan ɓangare, da yamma yana wancan.

Gardamar ba ta Dimokurat da Rifablikan ba ce. A birane irin su New York da Filadelfiya, wanda ya ci zaɓen fid da gwani na Dimokurat kusan ya gama aiki, saboda haka ainihin kokawar a cikin gida ake yin ta, tsakanin mutanen da kowannensu ke kiran kansa mai neman sauyi. Dattawan da suka ga zamanin PRP za su tuna da santsi da taɓo: tuta ɗaya, talaka ɗaya ake yi wa kuka, amma ba a ga-maciji. Don sauƙin magana zan kira ɓangare ɗaya 'yan a-rage, ɗayan kuma 'yan a-gyara. Ni na raɗa musu sunayen, kada wani ya je yana nemansu a takardar ƙuri'a.

'Yan a-rage suna ganin tsarin ya kumbura har ya zama shi kansa cuta. Ƙasa ce da ke tsare da mutum kusan miliyan biyu a gidajen yari, ana kama mutane kan abin da bai kai ya kawo ba, ana tura ɗan sanda aikin likita da na malami. Suka ce a rage kame, a rage ɗauri, a ɗebi kuɗi daga kasafin 'yan sanda a zuba a gidaje da asibiti da sana'a. 'Yan a-gyara ba su musa zaluncin ba. Abin da suke cewa shi ne talaka ne farkon abincin ɓarawo da ɗan bindiga, tunda mai kuɗi yana da mai gadi a ƙofa. Don haka a bar 'yan sanda da ƙarfinsu, a sa musu kyamara a ƙirji, a hukunta wanda ya wuce gona da iri.

Akwai abin da yawancinmu ke mantawa: ba kujera ɗaya ake zaɓa ba. Magajin gari shi ke naɗa kwamishinan 'yan sanda, shi da majalisar birni ke yanka kasafi. Babban mai gabatar da ƙara na gunduma, wanda a yawancin jihohi zaɓarsa ake yi, shi ke cewa wa za a kai kotu, da wane laifi, shekara nawa za a nema masa. Dokar beli da tsawon ɗauri kuwa ta 'yan majalisar jiha ce, a Albany in a New York kake. A riƙe wannan, don a nan maganata za ta ɓulle.

Tabon da kowa ke nunawa

Hujjar 'yan a-rage ba sai an je nesa ba. A watan Fabrairun 1999, a unguwar Soundview ta nan Bronx, 'yan sanda huɗu cikin farin kaya suka yi wa Amadou Diallo harbi 41, harsashi 19 suka same shi. Ɗan Gini ne mai shekara 23, talla yake yi a bakin titi, walat ɗinsa ya zaro ba makami ba. A 2000 kotu ta sallami duka huɗun. Daga nan aka shiga zamanin tare-ka-caje. A 2011 kaɗai 'yan sandan New York sun tare mutane sau fiye da 685,000, kusan tara cikin goma ba a same su da komai ba, mafi yawansu baƙaƙen fata da 'yan Latin. A 2013 alƙaliya Shira Scheindlin ta yanke cewa yadda ake yin abin ya saɓa wa tsarin mulki. Aka yi ta kururuwar gari zai kama da wuta. Bai kama ba. Taren ya sauko ƙasa da 12,000 a 2017, kuma a wannan shekarar kisan kai bai kai 300 ba, a garin da ya ga fiye da 2,200 a 1990. Duk ɗan takarar da ya zo yana kewar wancan zamani, sai ya fara warware min wannan lissafi kafin in saurare shi.

Mu masu zuwa masallaci muna da namu tabon daban. A 2011 kamfanin dillancin labarai na AP ya tono yadda wani sashe na 'yan sandan birnin ke bin masallatai da gidajen abinci da ƙungiyoyin ɗaliban Musulmi yana rubuta rahoto. Wani babban jami'insu ya amsa a ƙarƙashin rantsuwa cewa aikin bai taɓa haifar da binciken ta'addanci ko ɗaya ba. Sai a 2014 aka rushe sashen.

To sai 2020 ta zo. Ranar 25 ga Mayu ɗan sanda Derek Chauvin ya danne wuyan George Floyd da gwiwa fiye da minti tara a Minneapolis. Cikin mako biyu 'yan majalisar birnin tara cikin goma sha uku suka tsaya gaban taro suka yi alkawarin rushe rundunar. Kirarin a yanke wa 'yan sanda kuɗi ya zagaye ƙasa. A wannan shekarar kuma kisan kai ya haura da kusan kashi 30 cikin ɗari a faɗin Amurka, tsallen da ba a taɓa ganin irinsa a shekara guda ba tun da aka fara ajiye lissafi. Don Allah a yi adalci, ba kirarin ne ya jawo shi ba. Ya haura a biranen Dimokurat da na Rifablikan, a birni da ƙauye. Korona ta rufe makarantu da wuraren aiki, cinikin bindiga ya kai inda bai taɓa kaiwa ba, biranen da suka yanke kasafin da gaske ma kaɗan ne, yawancinsu kuma sun maido shi ba da daɗewa ba. Amma uwar da aka binne wa ɗa ba ta da kunnen jin wannan bayani.

Nan 'yan a-rage suka yi babban kuskurensu: suka ɗauka wanda ɗan sanda ya zalunta ba ya son ganin ɗan sanda. Cibiyar Gallup ta tambayi baƙaƙen Amurka a tsakiyar 2020, lokacin da zanga-zangar ke kan ganiyarta, kashi 81 cikin ɗari suka ce suna son 'yan sanda su ci gaba da zuwa unguwarsu kamar da, ko ma fiye. A Nuwamban 2021 aka yi ƙuri'ar raba gardama a Minneapolis kan maye gurbin rundunar da wata sabuwar hukumar tsaron jama'a. 'Yar majalisar tarayya Ilhan Omar da babban lauyan jihar Keith Ellison suka goyi baya, magajin gari Jacob Frey da gwamna Tim Walz suka ƙi. Shawarar ta faɗi da kusan kashi 56, kuma unguwannin arewacin birnin, inda baƙaƙe suka fi yawa, ƙin ta suka yi. A shekarar ne Eric Adams, tsohon kyaftin ɗin 'yan sanda, ya ci kujerar magajin garin New York da ƙuri'un ma'aikata na Bronx da Brooklyn da Queens. Zuwa Maris 2022 shugaban ƙasa Biden da bakinsa ya tsaya gaban majalisa ya ce kuɗi za a ƙara wa 'yan sanda, ba ragewa ba.

Bincike ma yana ba 'yan a-gyara wani abu. Aaron Chalfin na Jami'ar Pennsylvania da abokan aikinsa sun duba birane fiye da 200 na shekaru da dama, suka gano cewa ƙarin 'yan sanda 10 zuwa 17 yana hana kisa ɗaya a shekara, kuma rayukan baƙaƙe aka fi tsarewa. Binciken nan dai ya ce ƙarin 'yan sandan yana kawo ƙarin kame kan ƙananan laifuka, shi ma baƙaƙe ya fi faɗa wa. Kowane ɓangare rabin da ya yi masa daɗi yake karantawa. Direban tasin nan da ke da ɗa, duka biyun ne suka shafe shi.

Beli

A nan na fi son a daɗe, don nan ne ake iya gwada magana da aiki. Wanda ya taso a Najeriya ya san rubutun da ke bangon caji ofis cewa beli kyauta ne, ya kuma san abin da ake biya a ƙarƙashin rubutun. Wajen biyu cikin uku na mazauna gidajen yarin ƙasar jiran shari'a suke yi. A Amurka ba a ɓoye farashin. Alƙali ke yanka kuɗi, mai shi ya biya ya kwana a gida, marar shi ya zauna.

Kalief Browder yaron Bronx ne. Yana shekara 16 aka kama shi a 2010 bisa zargin satar jakar goyo. Aka yanka beli dala 3,000, gidansu ba su da ita. Ya yi shekara uku a gidan yarin tsibirin Rikers, wajen biyu daga ciki a ɗakin kaɗaici, ba a taɓa yanke masa hukunci ba, daga ƙarshe aka janye ƙarar. A 2015 ya kashe kansa. Kan cewa wannan zalunci ne, ɓangarorin biyu bakinsu ɗaya. Inda suka rabu shi ne abin da za a sa a madadin kuɗi, kuma jihohi uku sun ba da amsa iri uku.

New Jersey ce ta fara, a ƙarƙashin gwamna Chris Christie, wanda ɗan Rifablikan ne ma. Masu zaɓe suka gyara tsarin mulkin jihar a 2014, sabon tsari ya fara aiki a Janairun 2017. Kuɗi kusan ya fita daga lissafi gaba ɗaya. A madadinsa aka ba alƙali ikon da ba shi da shi a da: in mai gabatar da ƙara ya nuna cewa mutum haɗari ne ga jama'a, za a yi zama, da lauyan wanda ake tuhuma a wurin, alƙali ya iya tsare shi ko nawa gare shi. Aka kuma yanka wa'adin da dole a kai shi gaban shari'a. Yawan masu jiran shari'a a tsare ya ragu da fiye da kashi ɗaya bisa uku, laifuka ba su ƙaru ba. Yana da aibinsa: ma'aunin kwamfuta da ke auna haɗarin mutum da tarihin shari'arsa yake aiki, kuma wanda aka fi kamawa a baya shi zai fi nauyi a ma'auni, shi ya sa kason baƙaƙe cikin waɗanda ke tsare bai wani sauya ba.

New York ta bi wata hanya. A 2019 aka cusa gyaran cikin dokar kasafin kuɗi, ya fara aiki a Janairun 2020. An cire belin kuɗi a yawancin ƙananan laifuka da manyan da ba na tashin hankali ba, an bar shi a sauran. Amma dokar jihar ba ta yarda alƙali ya duba ko mutum haɗari ne ba. Abin da aka ce ya duba kawai shi ne ko zai dawo kotu. 'Yan a-rage na Albany suka dage kan haka, don suna tsoron kalmar haɗari za ta zama wani sunan baƙar fata a bakin alƙali. Tsoron yana da tushe. Sai dai an yi gudun gara an faɗa gidan zago: alƙalin da ke jin tsoron mutum sai ya yanka beli mai tsada ya yi kamar batun dawowa kotu ne, wato kuɗi ya dawo ta taga, wanda kuma laifinsa ba ya cikin jerin sai a sake shi ko sau nawa ya maimaita. Sau uku aka koma ana yi wa dokar faci, a 2020 da 2022 da 2023. Masu bincike na Kwalejin John Jay da suka bi sawun waɗanda aka saki sun ga abu biyu: yawancin mutane, musamman marasa tarihin kame na kusa, sakin ya rage musu sake shiga hannu, waɗanda ba a daɗe da kama su ba kuwa, ya ƙara.

Illinois ta zo a Satumban 2023 ta zama jiha ta farko da ta soke belin kuɗi kwata-kwata, amma da zaman tsarewa irin na New Jersey. An yi ta hasashen tashin duniya kafin ranar. Ranar ta zo ta wuce.

A kan beli, ni ina tare da tsarin New Jersey, ba na kuma ɓoyewa. Ɗan takarar majalisar jiha da ya ce a dawo da belin kuɗi yadda yake, yana so a sake wani Browder. Wanda ya ce ko kusa kada alƙali ya duba haɗari, bai taɓa zama maƙwabcin matar da mijinta ya lakaɗa wa duka aka sake shi washegari ba.

Sata a kanti, ƙwaya, da takardun zama

Kalifoniya ce dandalin wannan. A 2014 masu zaɓe suka amince da shawara mai lamba 47, wadda ta mayar da satar abin da bai kai dala 950 ba da riƙe ƙwaya don sha ƙananan laifuka. Masu suka kan manta cewa a Texas ta 'yan ra'ayin riƙau iyakar dala 2,500 ce. Duk da haka mutane suka gaji da ganin man goge baki a kulle cikin gilashi a kanti. A Nuwamban 2024 shawara mai lamba 36 ta zo ta ce sata ta uku za ta iya zama babban laifi, ta kuma ci da kusan kashi 68, a jihar da Dimokurat ke mulki ko'ina. Gwamna Gavin Newsom ya ƙi ta, magadan garin San Francisco da San Jose, 'yan jam'iyyarsa, suka goyi bayanta.

Oregon ta fi kowa nisa, ta kuma fi kowa saurin dawowa. A 2020 ta cire riƙe ƙwaya kaɗan daga jerin laifuka, aka mayar da shi tarar dala 100 da lambar waya ta neman magani. Kuɗin maganin ya makara, lambar kusan ba mai kira, ƙwayar fentanil kuma ta shigo a daidai lokacin. A 2024 majalisar jihar, wadda Dimokurat ke riƙe da ita, ta maido da laifin. An rushe tsohon ɗaki kafin a kafa sabo, damina kuma ta sauka.

Kada wannan ya sa a ce 'yan a-rage ba su da gaskiya a nan. A gundumar Suffolk, inda Boston take, masu bincike sun duba dubban ƙararrakin ƙananan laifuka, suka ga cewa wanda aka ƙyale ba a gurfanar ba, musamman a karon farko, ya fi wanda aka gurfanar nisantar sake shiga hannu, da rata mai yawa. Dalilin a fili yake: tabon kotu yana hana aiki, rashin aiki yana maido mutum titi. Sannan ga lissafin da 'yan sandan New York suka fitar na 2022: mutum 327 kacal su ne kusan kashi ɗaya bisa uku na duk kamen satar kanti a birnin, an kama su sau fiye da 6,000. Wake ɗaya ke ɓata gari. In aka haɗa lissafin biyu, mai gabatar da ƙara na gari shi ne mai sassauci ga ɗan fari, mai tsanani ga wanda ya mayar da abin sana'a. Wanda ya yi shelar cewa ba zai taɓa gurfanar da wani irin laifi ba ya ba mutum 327 ɗin nan lasisi. Wanda ya ce kowa sai ya ɗanɗana, ya ɓata dubban yara don ya kama 327.

Akwai kuma abin da ya shafe mu fiye da Ba'amurken haihuwa. Ga mai katin zama, ƙaramin hukunci na iya zama tikitin jirgi. Dokar shige da fice tana duba ko laifi na iya kai wa ɗaurin shekara guda, shi ya sa a 2019 New York ta rage iyakar ƙananan laifuka daga kwana 365 zuwa 364. Kwana ɗaya tak, amma ya tsare gidaje da yawa daga rabuwa, kuma 'yan a-rage ne suka yi wannan yaƙi. Dokar Laken Riley ta Janairun 2025 ta ƙara tsananta abin: marar takarda da aka kama da zargin satar kanti, ko ba a yanke masa hukunci ba, tsare shi za a yi. Duk mai ɗan'uwa a gida wanda takardunsa ba su kammala ba, ya san cewa yawan kame kan ƙananan abubuwa ba labarin wasu ba ne.

Kiran gaggawa na mai taɓin hankali ba sai na ja shi ba, don kusan an daina gardama a kai. Denver ta fara tura ma'aikacin lafiyar ƙwaƙwalwa da ma'aikacin jinya maimakon ɗan sanda a 2020, abin ya yi kyau, birane da dama suka kwaikwaya. New York ta fara nata a Harlem a 2021, amma bai game gari ba, ba ya kuma aiki dare da rana. Tambayar da za a yi wa ɗan takara ita ce nawa zai sa a ciki, ba ko ya yarda da shi ba.

Abin da ba ya shiga kirari

Wajen rabin kisan kai a Amurka ba a kama kowa a kai. Harbin da bai kashe ba kuwa, nasa ya fi muni. A unguwar da kowa ya san wanda ya yi harbi amma yana yawo, ƙanin mamaci shi zai ɗauki fansa, haka abin ke zagayawa. 'Yan a-rage ba sa son wannan magana don masu bincike da ɗakin gwaji kuɗi suke ci, kuma a kasafin 'yan sanda suke. 'Yan a-gyara ma ba su cika son ta ba, don cika tashar jirgin ƙasa da masu kaki ya fi kyau a talabijin, ko da kuɗin ƙarin lokacin aiki zai haɗiye kasafin.

Biranen da suka ci nasara ba su tsaya a ɓangare ɗaya ba. Boston ta gwada wani tsari a 1996: a gano 'yan tsirarun samarin da ke yawancin harbe-harben, a tara su gaban 'yan sanda da malaman coci da iyayen mamata, a ce musu ga aiki ga taimako, wanda kuma ya sake harbi duk ƙungiyarsa za ta ji a jikinta. Kisan matasa ya faɗi ƙwarai. Baltimore, wadda ta yi shekara takwas a jere tana binne fiye da mutum 300, ta ɗauko tsarin a 2022 a ƙarƙashin magajin gari Brandon Scott, ga kuma sabon mai gabatar da ƙara Ivan Bates mai tsanani kan bindiga. A 2024 adadin ya sauko wajen 200. Camden ta New Jersey, da ake yawan kafa hujja da ita cewa ta rushe 'yan sandanta a 2013, ta rushe ɗin, amma sabuwar rundunar da ta kafa ta fi tsohuwar yawan jami'ai a titi. Wasu magungunan ma ba su da kaki: fitilu masu haske da aka gwada a gidajen gwamnati na New York a 2016 sun rage manyan laifukan dare a waje da wajen kashi ɗaya bisa uku, share kangwaye da dasa ciyawa a Filadelfiya ya rage harbi a unguwannin talakawa, aikin hutun bazara a Chicago ya rage kama matasa kan tashin hankali da kashi 43. A nan 'yan a-rage ke da gaskiya ɗari bisa ɗari, illa dai ba dole sai an ciro kuɗin daga aljihun mai binciken kisa ba.

Sakamakon zaɓe shi ma ba ya ba kowa cikakkiyar nasara. Dubi masu gabatar da ƙara 'yan a-rage: an yi wa Chesa Boudin kiranye a San Francisco a Yunin 2022. George Gascón ya faɗi a Los Angeles a 2024. Amma Larry Krasner, wanda ya fi su duka kaifin baki, yana nan a Filadelfiya tun zaɓen 2017, an sake zaɓarsa har sau biyu. A zamaninsa kisa ya kai 562 a 2021, a zamaninsa kuma ya sauko ƙasa da 300 a 2024. Masu zaginsa da na farko ba su yaba masa da na biyu ba, magoya bayansa kuma akasin haka. Gaskiyar ita ce a kisan kai ƙasar gaba ɗaya ta hau tare ta sauko tare, da kusan kashi 12 a 2023 da kusan 15 a 2024. Duk wanda ya ce maka shi kaɗai ya saukar da laifi a garinsa, tambaye shi wa ya saukar da na garin maƙwabta. Zohran Mamdani, da ya yi kirarin yanke kuɗi a 2020, sai da ya janye shi ya kuma nemi afuwar 'yan sanda kafin ya ci kujerar magajin garin New York a Nuwamban 2025. Ya riƙe kwamishina Jessica Tisch, ya kuma yi alkawarin sabuwar hukuma ta farar hula don masu taɓin hankali da marasa matsuguni. Wasu na cewa ya ci amana, ni ina ganin ya karanta Minneapolis ne.

To ga yadda nake raba tawa ƙuri'ar. A kujerar magajin gari na fi karkata ga ɗan a-gyara, da sharaɗi biyu: ya faɗi nawa zai sa a binciken harbi da fitilu da aikin matasa, kuma kada in ji yana kewar tare-ka-caje ko leƙen masallatai. A kujerar mai gabatar da ƙara na fi karkata ga ɗan a-rage, don a hannunsa makomar ɗan fari da mai katin zama take, muddin bai yi rantsuwar ƙyale mai maimaitawa da mai bindiga ba. A majalisar jiha kuwa tambaya ɗaya gare ni, ta New Jersey: za ka cire kuɗi, ka ba alƙali ikon tsare mai haɗari bayan zama da lauya, ka yanka wa'adin shari'a? Mai kanti ko mai kai saƙon abinci da keke cikin dare zai iya matsawa kaɗan wajen 'yan a-gyara fiye da ni. Mai samari uku a gida da ƙani marar takarda zai matsa ɗaya gefen, ba kuma zan ga laifinsa ba.

Duk wannan a zaɓen fid da gwani ake yanke shi, wanda a New York a watan Yuni ake yi, kuma sai wanda ya yi rajista da jam'iyya ke shiga. Da yawa daga cikinmu ranar rantsuwar zama ɗan ƙasa suka cike takardar rajista suka bar gurbin jam'iyya fayau, sai su zo rumfa a Yuni a ce babu sunansu. Mai son sauyawa, wa'adinsa 14 ga Fabrairu ne.